Ɗaki ɗaya, malama ɗaya, shekara 95: me ake adanawa a tsohuwar makarantar ƙauye?

Tambaya: Ni tsohon hedimasta ne, na yi ritaya. Ɗana da ke karatu a jihar Nebraska ta Amurka ya turo mini hotunan wani ɗan ɗakin jan bulo a tsakiyar gonaki. Ya ce makaranta ce da ake kira Freeman, kuma gwamnatin tarayya ke kula da ita, har da ma'aikata. Na duba, ban ga abin da ya raba ta da ɗakin ajiyar hatsi ba. Mene ne tarihinta, kuma me ya sa ƙasa mai arziki haka za ta tsaya lallaɓa ɗaki guda? Ina tambaya ne domin a garinmu ma akwai ajin farko da aka gina tun zamanin En'e, ginin ƙasa da rufin kwano, ana maganar a rushe shi a ɗora sabon gini.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, kwatancen da ka yi da ɗakin hatsi ya faɗa daidai, domin abin da dubban 'yan uwan wannan makaranta suka koma ke nan. Da aka rufe su, akasari gwanjonsu aka yi. Manomin da ya saya ya zuba masara ko harawar dabbobi, wani ya fasa bango ya shigar da tarakta, wani ya mai da ginin gidan kwana, wasu kuwa aka bar su iska da ruwa suka cinye. Wadda ɗanka ya ɗauko maka tana cikin 'yan kaɗan da suka tsallake, kuma dalilin tsallakewarta shi zai fi amfanar ka a kan ajin garinku. Amma kafin nan sai mun san yadda aka yi makaranta ta tsinci kanta a tsakiyar gonaki, babu gari babu kasuwa.

Ranar 20 ga Mayu 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar rabon filayen noma. Duk wanda ya kai shekara 21 ko yake riƙe da iyali, mace ko namiji, yana iya karɓar eka 160, kimanin hekta 65, a kan kuɗin rajista dala 18, da sharaɗin ya gina wurin zama a kai, ya nome shi shekara biyar, sannan ya zama nasa. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863, kuma a wannan rana wani mutum mai suna Daniel Freeman ya yi rajistar filinsa a ofishin ƙasa na Brownville. Shi ake ɗauka a matsayin na farko, ko cikin na farko. Filin yana yamma da garin Beatrice, a gundumar Gage. Ba fa ƙasa ce marar masu ita aka raba ba. Ƙabilun asali ne a wurin, cikinsu har da Oto da Misuriya, waɗanda aka fara matse su a wani keɓaɓɓen yanki a kudancin wannan gunduma, daga baya a 1881 aka kwashe su zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu.

Sharaɗin nan na zama a kan fili shi ya haifi makaranta mai ɗaki ɗaya a wannan sashe. Mu a nan gari a dunƙule yake, gona tana bayan gari, yaro ya fita daga zaure ya ratsa lungu biyu ya isa makaranta. Su kuwa kowane magidanci yana zaune a tsakiyar gonarsa, tsakaninsa da maƙwabcinsa rabin mil ko fiye. Babu mota, babu titi, hunturu kuma yana kashe mutum. Sai ya zama ƙafar yaro ce ma'aunin inda za a kafa makaranta: iyakar tafiyar da ɗan shekara shida zai iya yi da safe ya dawo da yamma, mil ɗaya zuwa biyu. Gidajen da ke cikin wannan da'ira su haɗu su zama yankin makaranta guda, su zaɓi mutum uku su zama kwamiti, su yanka wa kansu haraji, su ɗauki malami, su sallame shi in sun ga dama. Gwamnati ma ta sa hannu tun daga tushe. Dokar safiyon ƙasa ta 1785 ta yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne mil shida ta kowane gefe, a raba shi gida 36, a keɓe gida na 16 don kuɗin hayarsa ko na sayar da shi ya tafi ga ilimi. Nebraska da ta zama jiha a 1867 gida biyu aka keɓe mata, na 16 da na 36. Wajen 1920 jihar kaɗai tana da yankunan makaranta sama da 7,000, ƙasar kuma baki ɗaya tana da makarantu masu malami ɗaya kusan 200,000.

Makarantar Freeman ita ce ta yanki na 21, an gina ta a 1872. Abu na farko da ya cece ta shi ne kayan gininta. A wannan fili itace ya yi ƙaranci, saboda haka makarantun farko da yawa da gutsattsarin ƙasa mai saiwar ciyawa aka yi su, a yanko kamar tubali a jera, wasu kuma da katako. Ita kuwa da gasasshen jan bulo aka yi ta, kaurin bango ƙafa guda, da sassaƙaƙƙen dutse a saman ƙofa da tagogi. Akwai wani mai sana'ar bulo a unguwar, Thomas Freeman, wanda bai haɗa dangi da Daniel ba, kuma har yau wasu na cewa sunansa makarantar ta ci, wasu na cewa na Daniel.

Yadda karatu ke tafiya a irin wannan ɗaki, kai da ka yi makarantar allo kafin boko ba zai zame maka baƙo ba. Malama ɗaya ce, yara daga ɗan shekara biyar ko shida har zuwa saurayin da gemu ya fara tsiro masa, aji ɗaya zuwa takwas duk a wuri guda. Akwai benci a gaba kusa da teburin malama. Sai ta kira 'yan aji uku su fito su biya karatunsu na minti goma ko sha biyar, su koma, ta kira na gaba. Sauran suna zaune kowa da ɗan allonsa na dutse, a rubuta a goge, domin takarda tana da tsada. Ƙarami yana jin karatun manya shekara da shekaru kafin ya kai wurin, babba kuma yana biya wa ƙarami, kamar dai yadda gardi ke yi wa kolo. Manyan samari sai lokacin sanyi ake ganin su, idan aikin gona ya tsaya. Da an fara huɗa aji ya koma na ƙanana da 'yan mata, abin da kowane hedimastan ƙauye a nan ya sani da damina. Littattafai da farko kowa abin da ke gidansu yake kawowa, sau da yawa Baibul. A 1881 wannan makaranta ta fara saya wa ɗalibanta littattafan karatu, shekara goma kafin dokar jiha ta wajabta hakan.

Malamar ita ce hedimasta, ita ce masinja, ita ce mai shara. Takan riga kowa zuwa ta hura murhun ƙarfen da ke tsakar ɗaki da itace ko kwal ko totuwar masara. Na kusa da murhu suna gumi, na jikin bango tawadarsu tana daskarewa. Ruwan sha bokiti ɗaya da moɗa ɗaya, masai biyu a bayan fili. Mafi yawan malaman 'yan mata ne, wasu ba su girmi manyan ɗalibansu ba, suna zaune a gidajen iyayen yara, kuma a yankuna da dama ranar da malama ta yi aure ranar aikinta ya ƙare. Nauyin da ke kansu ya fito fili ranar 12 ga Janairu 1888, lokacin da guguwar ƙanƙara ta afka wa Nebraska da Dakota da tsakar rana bayan safiya mai ɗumi, yara suna makaranta. Mutum kimanin 235 suka mutu, da yawansu yaran da suka ɓace a hanyar gida. Wata malama 'yar shekara 19 a tsakiyar jihar, Minnie Freeman, iska ta yaye rufin makarantarta, ta ja ɗalibanta cikin guguwar har ta kai su wani gida da ransu. Ita ma sunan kawai ya zo ɗaya, ba ta da alaƙa da waɗancan biyun.

Ɗakin kuma ba na karatu kaɗai ba ne. Tunda babu wani ginin jama'a a kusa, a nan mabiya ɗariƙar Lutheran suka yi ibadarsu ta Lahadi, a nan ake kafa akwatin zaɓe na yankin Blakely, a nan ake muhawara da tarukan ƙungiyoyi da na tara kuɗi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya sa sunan makarantar ya shiga littattafan shari'a ya faru ne a 1899. Malamar lokacin, Edith Beecher, tana karanta wa yara Baibul a cikin aji, tana jan su addu'a da waƙoƙin coci. Daniel Freeman, wanda 'ya'yansa ke cikin ɗaliban, ya nemi ta daina. Ta ƙi, ta ce da izinin kwamiti take yi. Kwamiti ya goyi bayanta, babban jami'in ilimi na jiha ya goyi bayan kwamiti, kotun gundumar Gage ma ta kori ƙarar Freeman. Ya ɗaukaka zuwa kotun ƙoli ta Nebraska, kuma ranar 9 ga Oktoba 1902 ta ba shi gaskiya: abin da ake yi ibada ce ta wata ɗariƙa a makarantar da harajin kowa ke riƙe da ita, tsarin mulkin jihar kuwa ya hana. A shekara ta gaba kotun ta ƙara bayani cewa ba littafin kansa aka haramta shigarwa makaranta ba, koyar da aƙidar ɗariƙa aka hana. Don a fahimci zafin maganar, a tuna cewa Kiristocin kansu ba fassara ɗaya suke karantawa ba, wadda Furotesta ke amfani da ita daban da ta Katolika, ga kuma waɗanda ba sa bin kowa. Sai bayan shekara 60, a 1962 da 1963, kotun ƙoli ta ƙasa ta yanke irin wannan hukunci a kan addu'a da karatun Baibul a makarantun gwamnati na Amurka duka. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, muhawarar da ta girgiza ƙasa daga baya an yi ta tun tuni a wannan ɗan ɗakin.

Mutuwar irin waɗannan makarantu a hankali ta zo. Tun daga farkon ƙarni na 20 masanan ilimi na birni suka sa su gaba, suna cewa malamansu ba su da horo, ɗakunan ba su da tsafta, gara a haɗe yankuna a gina babbar makaranta mai aji-aji. Manoma suka yi ta turjiya, domin makarantar ce kaɗai hukumar da ke hannunsu. Abin da ya karya su ba hujjar masana ba ce. Tarakta ta sa mutum ɗaya yana nome abin da gida huɗu ke nomewa a da, sauran gidajen suka tashi, yara suka ƙare. Titi kuma ya zo da motar ɗaukar ɗalibai, ƙafar yaro ta daina zama ma'auni. Wani abin sha'awa, mutumin da ya kira taron 1939 inda aka tsayar da ƙa'idojin motar makaranta har da launin rawaya da aka san ta da shi, Frank Cyr, haifaffen ƙauyen Nebraska ne. Makarantar Freeman ta jure har 1967, shekara 95 ana karatu, kuma babu makaranta mai ɗaki ɗaya a jihar da ta kai ta daɗewa ba yankewa a lokacin da aka rufe ta. Ragowar ƙananan yankunan firamare doka ta haɗe su da manya a 2005 da 2006. Yau yankunan makaranta a Nebraska ba su kai 250 ba.

To, me ya cece ta? Bulo ya taimaka, amma akwai na bulo da yawa da suka zube. Babban dalili shi ne ba ta taɓa daɗewa a kulle ba. Muddin yara suna ciki, akwai wanda zai ga ɗigon ruwa a silin ya sa a toshe. Gini ba tsufa ke kashe shi ba, zaman banza ke kashe shi, kuma shekara biyar zuwa goma na farko bayan rufewa su ne masu haɗari. Ita kuwa shekara uku kacal ta yi a tsakani. Tun 1936 majalisar dokokin tarayya ta mai da gonar Daniel Freeman wurin tarihi na ƙasa don tunawa da dokar rabon filaye, makarantar kuma tana kimanin kwatan mil daga ofishin wurin. A 1970 majalisa ta haɗa ta da shi, hukumar kula da gandaye da wuraren tarihi ta karɓe ta. Ka ga ke nan sa'ar maƙwabci ta yi, ga kuma labarin shari'a da ke manne da ita. Da tana can nesa mil ashirin, babu Daniel babu kotu, da wuya ɗanka ya same ta a tsaye.

Masu aikinmu na adana tsofaffin gine-gine a Amurka sun kasa abin da ake yi wa tsohon gini gida huɗu. Ko a tsare shi yadda aka same shi, a hana shi ƙara lalacewa. Ko a gyara shi don sabon amfani ba tare da ɓata kamanninsa ba. Ko a mai da shi siffar wani zamani da aka zaɓa. Ko kuma, in ya riga ya rushe, a sake gina shi bisa hujja. Na uku aka yi wa Freeman: an mai da ita kamar yadda take a shekarun 1870. A nan nake da ja, ko da yake na san dalilinsu, tunda aikin wurin shi ne ba da labarin zamanin rabon filaye. Duk wanda ya zaɓi zamani ɗaya dole ya cire abin da ya zo bayansa. Makaranta ta yi shekara 95, an nuna goma na farko. Yaran da suka zauna a ɗakin a 1950 da 1960 suna raye lokacin gyaran, suna iya nuna inda kowane abu yake, amma ɗakin da aka buɗe wa baƙi na kakanninsu ne, wanda babu mai rai da ya gan shi. Ni a wurina canje-canjen da gini ya sha su ma tarihi ne. Misali, a shekarun 1910 da 1920 jami'an ilimi suka yi imani cewa haske daga ɓangare biyu yana lalata idon yaro, suka ce tagogi su koma gefe ɗaya, haske ya zo ta hagun mai rubutu. Makarantu da yawa aka toshe musu tagogin bango guda. Mai gyaran da ya zo ya buɗe su don ginin ya yi kyau a hoto, ya share shafi guda na tarihin ilimi bai sani ba.

Akwai kuma masu ɗauke ginin ɗungurungum. Henry Ford, mai kamfanin mota, ya kwashe makarantar da ya yi yana yaro ya kai ta ƙauyen tarihin da ya kafa a Dearborn a 1929, kuma ƙungiyoyin tarihi na gundumomi da yawa sun bi sahu, suna ɗora makarantu a tirela zuwa filin baje koli na gari. Ya fi rushewa, amma rabin ma'anar ta tafi, domin abin da makarantar karkara ke faɗa shi ne nisa: ka tsaya a ƙofa ka hangi gidan da ya fi kusa can a bakin sama, ka san abin da yaro ya taka. Shi ya sa rajistar wuraren tarihi ta ƙasarsu, wadda dokar 1966 ta kafa, ba ta cika karɓar ginin da aka ɗauke daga mazauninsa ba. Kada kuma a ɗauka shiga rajistar kariya ce. Mai gini in nasa ne, da kuɗinsa zai yi aiki, yana iya rushe shi gobe.

Zaɓen abin da za a adana ma akwai son kai a ciki. A kudancin Amurka, tsakanin 1912 da 1932, haɗin gwiwar Booker T. Washington da attajiri Julius Rosenwald ya samar da makarantun karkara kusan 5,000 don 'ya'yan baƙar fata, da yawansu masu malami ɗaya ko biyu, kuma iyayen yaran da kansu suka tara kaso mai tsoka na kuɗin. An bar su suna ruɓewa shekaru da dama, sai a 2002 babbar ƙungiyar adana gine-gine ta ƙasar ta sa su cikin wuraren da suka fi fuskantar ɓacewa. Kafin nan mafi yawansu sun tafi.

Yanzu ga ajin garinku. Ba zan ce maka kowane tsohon gini sai an bar shi ba. Amma ajin farko na gari guda ɗaya ne, ba a yin na biyu, kuma a ƙasarmu an taɓa yin irin wannan adanawa: tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ne, yana nan a matsayin gidan tarihi. Matsalarku da ta mutanen Nebraska iri ɗaya ce a wuri ɗaya, wato ruwa. Ka fara da sama. Kwanon da ƙusa ta saki, ko ya yi tsatsa ya huje, shi ke jiƙa kan bango, bangon ƙasa kuwa in kansa ya jiƙa daga ciki yake narkewa. A duba katakon rufi ko gara ta ci, a canza wanda ya mutu kawai, a bar mai rai. Sannan ka duba ƙasa: ina ruwan da ya sauko daga rufi yake zuwa? In yana kwanciya a gindin bango, ko yana fantsama yana zaizaye shi, a yi masa hanya, a ɗaga ƙasar jikin gini ta gangara waje. Waɗannan biyun kuɗinsu kaɗan ne, kuma su ne kashi mafi girma na aikin.

Abin da nake roƙon ka da shi, kada a bari a yi masa filasta da siminti. Na sha ganin wannan, kullum da kyakkyawar niyya ake yi, garin neman gira a rasa ido. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi. Siminti ba ya mannewa da ƙasa, kuma ba ya barin danshi ya fita. Da ya ɗan tsage ruwa ya shiga bayansa, ƙasa ta yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta samu hanya mai rufi, waje yana sheƙi ciki ya zama gari. Ranar da filastar za ta ɓamɓaro, da rabin bango take tahowa. Su ma can irin kuskuren da suka yi ke nan da tsohon bulo: an gina shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi mai laushi, masu gyara suka cike tsakanin bulo da siminti mai tauri, sai bulon ya riƙa fashewa maimakon kwaɓin. Ƙa'idar ɗaya ce, abin da za ka yi gyara da shi kada ya fi abin da kake gyarawa ƙarfi. Ka nemi tsohon magini wanda ya san yaɓe da makuba, ya kwaɓa ƙasa irin ta ginin, ya kuma koya wa wani yaro yana yi. In za a kulle ɗakin na ɗan lokaci, kada a toshe tagogi ruf. A sa raga, iska ta riƙa ratsawa, jemage da tantabara kuma su rasa ƙofa.

Sai maganar da na ce ka riƙe. Freeman ta rayu ne domin ba ta yi zaman banza ba, ɗakin yana da aiki fiye da ɗaya. Kada ku ce za ku mai da naku gidan tarihi a kulle a ba wani makulli, shekara uku ba za ta yi ba sai awaki sun gaje shi. Ku ba shi aikin yau da kullum: ɗakin karatu na makaranta, ko wurin zaman kwamitin iyaye da malamai, ko ajin yaƙi da jahilci da yamma, bango ɗaya kuma a jera hotuna da sunayen hedimastocin da suka wuce. Kuma tunda ginin na hukumar ilimi ne, maganar ba a wurin ɗan kwangila take ba. Ku je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma tare da mai gari da tsofaffin ɗalibai kafin a fitar da zanen aiki, ku nemi a matsar da sabon ginin gefe. Filin makarantar ƙauye ba ya rasa wurin aji biyu. In an riga an auna an kafa turaku, magana ta yi wuya.

Akwai abin da ya fi bango saurin tafiya, kuma kai ne ka fi kowa dacewa da shi. Rajistar shiga makaranta ta farko, littafin da hedimasta ke rubuta abubuwan da suka faru, littafin baƙi da sufeto ke sa hannu, in suna nan to suna cikin wani kabad gara tana aiki a kansu. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Fayilolin ilimi na zamanin En'e da yawa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a can za a iya samun shekarar da aka buɗe makarantarku da sunan malamin farko. 'Yan ajin farko da suka rage kuwa, a kai su cikin ɗakin a zaunar da su, kada a yi hirar a zaure. Mutum in ya shiga wurin da kansa zai nuna inda ya zauna, inda allo yake, wanda aka kamo da dogari, wanda ubansa ya ɓoye a rumbu. A naɗi muryarsu. A kuma auna ginin da tef, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe ciki da waje, ko da a ƙarshe an fi ƙarfinku.

In ɗanka zai koma, ka ce ya bar ginin ya ɗauko maka hoton ciyawar da ke gefensa. Gonar Daniel Freeman an nome ta shekaru, sai daga 1939 hukuma ta fara sake shuka ciyawar asali a kan eka 100. Amma a filin makarantar akwai ɗan yanki da bai kai eka ɗaya ba wanda garma ba ta taɓa shiga ba, domin tun 1872 wurin wasan yara ne, babu wanda ya yi tunanin nome shi. Doguwar ciyawar da ta fi yawa a irin wannan fili dangin gambarmu ce, masana tsirrai a gida ɗaya suka sa su, in ka ga hoton za ka gane ta. Kai ma ka duba filinku, wataƙila akwai tsamiya ko darbejiyar da aka fara karatu a ƙarƙashinta kafin a gina ajin. In akwai, a sa ta cikin abin da za a roƙi sakataren ilimi.